Kalmar Ingilishi "Seldom": Ma'anarta, Matsayinta a Jimla da Takwarorinta a Hausa

1. Gabatarwa

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci wannan hukunci yana da nauyi na musamman, domin ana iya sa ran takardun da a da sukan ratsa ta Faransanci kafin su iso Hausa za su riƙa zuwa kai tsaye daga Ingilishi. A gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Ilela kuwa, haɗuwar harsunan biyu ba baƙon abu ba ne. Ƙonni tana bakin iyaka, ƴan kilomitoci kaɗan ke raba ta da ɗaya Ilelar ta jihar Sakkwato, kuma kwalin magani da buhun taki da robar maganin ƙwari da yawa da ke shigowa kasuwannin yankin, har su kai ƙauyukan Tajaye, da Ingilishi aka rubuta bayaninsu. (Mun zaɓi cewa Ingilishi maimakon Turanci da gangan, domin a wannan ƙasa Baturen da aka fi sani ba Ingilishi yake ji ba.)

Wannan maƙala za ta duba bayanau guda ɗaya daga cikin waɗanda ke nuna yawan aukuwar abu, watau "seldom". Abin da muke so mu nuna shi ne, kalmar tana ɗauke da abu biyu a lokaci guda: tana nuna adadi, tana kuma karkata hankalin mai sauraro wajen rashin aukuwar abin. Mai fassarar da ya kama adadin ya saki karkatar, ya ɓata saƙon ko da kowace kalma tasa tana cikin ƙamus. Tauraro a gaban misali yana nufin jimlar ba karɓaɓɓiya ba ce.

2. Asalin kalmar da adadin da take nunawa

Kalmar tsohuwa ce. A tsohon Ingilishi "seldan" ake cewa, kuma ƴar uwa ce ga "selten" ta Jamusanci da "zelden" ta Holanci. Ma'anarta ba ta gusa ba tun daga lokacin: abu yana aukuwa, amma sau kaɗan ƙwarai. A Ingilishin yau ta fi zama a rubutu da jawabin manya, a bakin mutane kuwa "rarely" da "hardly ever" sun fi yawo. Wannan ya sa ɗalibi bai cika jin ta a rediyo ko a bakin ɗan kasuwa ba, sai ya ci karo da ita a rahoto ko a littafin horo, inda kuskure ya fi tsada.

Sau nawa ne "sau kaɗan"? An yi ƙoƙarin auna wannan a Amurka. A 1944 Ray Simpson ya ba ɗalibai jerin irin waɗannan kalmomi, ya ce kowa ya faɗi sau nawa cikin 100 kowace kalma take nufi a wurinsa. A 1968 Milton Hakel ya maimaita gwajin. A duka biyun "seldom" ta faɗo wajen 9 zuwa 10 cikin 100, "rarely" wajen 5, "sometimes" kuwa 20 a gwajin farko, 29 a na biyu. Waɗannan alƙaluma suna da amfani wajen jera kalmomin bisa tsani, amma bai kamata a ɗauke su tamkar awon tiya ba. A 1974 Pepper da Prytulak sun nuna cewa adadin da mutum yake jingina wa irin wannan kalma yana canzawa gwargwadon yadda ya saba ganin abin da ake magana a kai yana aukuwa. Misali daga gida ya isa. Farin 1973 da na 1984 sun auku cikin shekara goma sha biyu, babu kuwa manomin Adar da zai ce fari biyu cikin wannan tsawo abu ne da ba safai yake zuwa ba. Amma malamin da ya zo aji sau biyu cikin kwana goma sha biyu, kowa zai ce ba safai yake zuwa ba. Adadin ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta, watau abin da aka sa rai.

3. Korewar da ba a gani

Nan ne gizo yake saƙa. A duba waɗannan jimloli biyu:

(1) The well at the market seldom dries up.
"Ba safai rijiyar kasuwa take ƙafewa ba."

(2) The well at the market occasionally dries up.
"Rijiyar kasuwa takan ƙafe jefi-jefi."

Yana yiwuwa rijiya ɗaya ake nufi, wadda ta ƙafe sau ɗaya cikin shekara goma, kuma duka jimlolin gaskiya ne. Amma a gwada ɗora musu "saboda haka". Bayan (1) abin da zai biyo shi ne: saboda haka a kafa mashayar dabbobi a nan. Bayan (2) kuwa: saboda haka a nemi wata rijiyar a ajiye. Idan aka musanya, maganar ta zama ta wanda bai san abin da yake faɗi ba. Jimla ta (1) tana jan hankali wajen rashin ƙafewa, ta (2) tana jan shi wajen ƙafewar. Waɗanda suka yi nazari da Faransanci za su tuna da irin wannan bambanci tsakanin "peu" da "un peu", wanda Oswald Ducrot ya yi bayaninsa, haka kuma yake tsakanin "few" da "a few". Ke nan "seldom" ƴar gidan korewa ce, ko da yake babu "not" a jikinta.

Ba ma'ana kaɗai ke shaida haka ba, nahawun Ingilishi kansa yana yi mata mu'amalar korarriyar kalma. Edward Klima ya tsara hanyoyin gwada wannan a 1964, ga kuma yadda suke aiki a kanta. Guntuwar tambayar da ake liƙawa a ƙarshen jimla takan saɓa wa jimlar: tabbatacciyar jimla ta ɗauki korarriyar tambaya, korarriya ta ɗauki tabbatacciya.

(3) He often comes, doesn't he?
(4) He seldom comes, does he?

Haka nan kalmomin da ba sa zama sai a inuwar korewa ko tambaya, irin su "any" da "ever", suna zama lafiya bayan "seldom":

(5) We seldom see any rain in April.
(6) *We often see any rain in April.

Idan kuma za a ƙara wani a kan mai aikin, "neither" ake kawowa kamar yadda ake yi bayan "never":

(7) Musa seldom travels, and neither does Ali.

Abin sha'awa shi ne Hausa tana da irin wannan shaida a cikin gidanta. "Kome" da "kowa" suna sauya fuska a ƙarƙashin korewa. "Yakan faɗi kome" yana nufin ba ya ɓoye abu, amma "ba safai yake cewa kome ba" yana nufin mutum ne mai shiru. Malamin da ke koyar da (5) ga Bahaushe yana da wannan tsani a hannunsa, bai kamata ya zagaya ta Faransanci ba.

Daga wannan ɓoyayyiyar korewa kurakurai biyu suke fitowa, kowanne ta fuskarsa. Mai fassara daga Ingilishi zuwa Hausa ya duba jimla bai ga "not" ba, sai ya ɗauke ta tabbatacciya, ya rubuta "wani lokaci" ko "jefi-jefi", watau ya mai da (1) ta koma (2). Mai koyon Ingilishi kuwa, da yake a harshensa maganar tana tsakanin "ba" biyu, sai ya ji jimlar ba ta cika ba in babu kalmar korewa, ya rubuta:

(8) *He does not seldom come.

Idan ma aka tilasta wa (8) ma'ana, akasin abin da yake nufi za ta bayar, domin korewa biyu sun ci juna.

4. Matsayinta a jimla

Wannan bai da wuya. Mazauninta na asali shi ne gaban aikatau, amma bayan "be" da bayan mataimakin aikatau na farko:

(9) Traders seldom give credit to strangers.
(10) The road is seldom empty.
(11) We have seldom seen such a harvest.

Ba ta shiga tsakanin aikatau da karɓau. Ɗalibanmu, da yake sukan fara Ingilishi a kwaleji bayan shekarun firamare na Faransanci, sukan ɗauko tsarin "il mange rarement de la viande" su zuba shi yadda yake:

(12) *He eats seldom meat.

Daidai shi ne "he seldom eats meat". Bambancin harsunan biyu a wannan wuri sananne ne, a kansa Jean-Yves Pollock ya gina bayaninsa na 1989 game da matsayin aikatau. Sa'an nan idan aka fito da kalmar farkon jimla don ƙarfafawa, dole mataimakin aikatau ya sha gaban aikau kamar a tambaya:

(13) Seldom does the rain come before May.

Wannan ba tambaya ba ce, ko da yake ta yi kama da ita, kuma an sha ganin mai karatu ya tsaya yana neman alamar tambaya a ƙarshenta. Salo ne na rubutu mai nauyi. Ɗalibi yana bukatar ya gane shi in ya gani, ba lalle ne ya riƙa amfani da shi ba.

5. Takwarorinta a Hausa

Mafi kusa ita ce "ba safai ... ba", ko "ba kasafai ... ba". Dacewar ta wuce ta ma'ana. A Hausar yau "safai" ba ta tsayawa da ƙafarta, sai cikin korewa, ba a cewa:

(14) *Yakan zo safai.

Watau abin da Ingilishi ya ɓoye cikin kalma ɗaya, Hausa ta baje shi a fili. Kuma kamar yadda fito da "seldom" gaba yake juya tsarin jimla a (13), haka "ba safai" take zaɓar lamirin lokacin da zai bi ta. Tana karɓar sabau, tana karɓar lokaci mai ci na dogaro, amma ba ta karɓar sakakken:

(15) Ba safai akan sami ruwa a Afrilu ba.
(16) Ba safai ake samun ruwa a Afrilu ba.
(17) *Ba safai ana samun ruwa a Afrilu ba.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda a ganinmu masu rubuta littattafan manya ba su ba ta haƙƙinta ba, watau korarren "cika" ko "faye": "bai cika zuwa ba", "ba a faye samun ruwa a Afrilu ba". Siffarta ta shuɗaɗɗen lokaci ce amma ma'anarta ta sabo ce, kuma ita ce ta fi kusa da maganar yau da kullum. Tana da ɗan sassauci fiye da "ba safai ba", ta fi dacewa da "not often". Duk da haka karkatarta ɗaya ce da ta "seldom", don haka inda ake son jimla mai sauƙi ga wanda ya fara haɗa baƙi, gara ita da "jefi-jefi" nesa ba kusa ba.

"Da wuya" kuwa sai an yi hattara da ita. A jimla irin "da wuya ka ga motar haya a wannan hanya da damina" ta yi aikin "seldom" sosai. Amma asalin aikinta auna yiwuwar abu ne, shi ya sa take iya hawa kan aukuwa guda: "da wuya ya zo gobe". "Seldom" ba ta iya wannan, domin sai abin da ke maimaituwa take ƙirgawa:

(18) *He will seldom come tomorrow.

Saboda haka ana iya fassara "seldom" da "da wuya" a wasu wurare, amma ba kowace "da wuya" ce za ta koma "seldom" ba. A ɗaya gefen tsanin kuma akwai "never", wadda Hausa take bayarwa da "bai taɓa ... ba" ko korewa tare da "sam" ko "daɗai". Iyakar da ke tsakaninsu ita ce "seldom" tana barin ƙofa a buɗe. Marubucin da yake so ya kusa rufe ta sai ya ce "seldom, if ever", watau "ba safai ba, in ma ana yi".

Akwai wani amfani da ƙamus ba ya yawan nunawa. A duba:

(19) Wells in the valley are seldom deep.

Rijiya ba ta yin zurfi yau ta daina gobe. A nan kalmar ba lokuta take ƙirgawa ba, rijiyoyin take ƙirgawa. David Lewis ne ya fito da wannan a fili a 1975, inda ya nuna cewa irin waɗannan bayanau suna ƙirga halaye ne, lokaci kuwa ɗaya ne kawai daga cikin halayen. Fassarar da ta fi tsabta ga (19) ita ce "kaɗan ne daga cikin rijiyoyin fadama suke da zurfi", ko "ba safai akan sami rijiya mai zurfi a fadama ba". Rahotannin aikin gona da na ruwa cike suke da irin wannan jimla, kuma wanda ya sa "wani lokaci" a nan ya rubuta abin da mai noman albasa a Galmi zai yi wa dariya.

Sai batun karin harshe, wanda ya shafi Tajaye da kewayenta kai tsaye. Hausar wannan yanki ta yamma ce, dangin ta Sakkwato da ta Adar wadda Bernard Caron ya bayyana a littafinsa na 1991. A wannan kari shuɗaɗɗen lokaci na dogaro shi ne "anka", "munka", "sunka", su kuwa "aka", "muka", "suka" aikin "ake", "muke", "suke" suke yi. Malamin karatun manya ɗan yankin, in ya rubuta yadda yake magana, zai sa "aka" bayan "ba safai", mai duba rubutu wanda ya koyi daidaitacciyar Hausa kuwa ya ɗauka kuskure ne. Ta ɗaya fuskar abin ya fi haɗari:

(20) Sa'ad da aka shuka hatsi...

A daidaitacciyar Hausa wannan shuka ce guda da ta wuce. A kunnen mutumin Tajaye tana iya zama shukar da ake cikin yi ko wadda aka saba yi. Tun da dukan zancen "seldom" a kan bambancin aukuwa guda da abin da ke maimaituwa yake, ba ƙaramin abu ba ne lamirin lokaci ɗaya ya ɗauki ma'anonin nan biyu a aji ɗaya. Daidaita rubutu da aka yi a taron Bamako na 1966 da dokar rubutun Hausa ta 1999 sun warware batun baƙaƙe, ba su taɓa wannan ba, ba kuwa aikinsu ba ne. Shawararmu ita ce a littattafan da za a kai wannan yanki a tsaya kan "akan" da "ake" bayan "ba safai", a kuma keɓe darasi guda a littafin malami da zai jera "aka", "anka" da "ake" gefe da gefe.

6. Inda kalma take da lamba

A takardar da ke cikin kwalin magani kalmomin yawan aukuwa ba na hira ba ne. Bisa tsarin da majalisar ƙungiyoyin kimiyyar likitanci ta duniya, CIOMS, ta ba da shawara a 1995, wanda Tarayyar Turai take bi, illar magani tana da matakai biyar. "Very common" ita ce wadda ke samun mutum 1 cikin 10 ko fiye. "Common" daga 1 cikin 100 zuwa ƙasa da 1 cikin 10. "Uncommon" daga 1 cikin 1,000 zuwa ƙasa da 1 cikin 100. "Rare" daga 1 cikin 10,000 zuwa ƙasa da 1 cikin 1,000, "very rare" kuwa ƙasa da 1 cikin 10,000. "Seldom" ba ta cikin jerin, ko da yake ƴar uwarta "selten" ita ce ke riƙe da mataki na huɗu a takardun Jamusanci.

A kwatanta wannan da alƙaluman sashe na 2. Abin da mai magana yake kira "seldom", watau wajen 1 cikin 10, a ma'aunin likitoci yana bakin iyakar "common" da "very common". Abin da likita yake kira "rare" kuwa ya gaza haka aƙalla sau ɗari. Idan mai fassara ya zuba "seldom" da "uncommon" da "rare" duka cikin "ba safai ba", kamar yadda ƙaramin ƙamus zai iya kai shi, to ya haɗa illar da za ta iya samun mutum ɗaya a kowane gida babba da wadda watakila ba za a gan ta a gari guda ba. Ma'aikacin lafiya na ƙauye da ya karanta wannan fassara ba shi da hanyar sanin wacce zai gargaɗi majiyyaci a kai.

Ba ma ganin maganin wannan shi ne ƙago sababbin kalmomi biyar a ɗora wa manyan da ke koyon karatu. Hausa tana da "sau", tana da "cikin", kuma mutanen da ke lissafin buhunan albasa da canjin naira da sefa a kasuwar Ƙonni ba baƙin lamba ba ne. Inda asalin takarda ya ba da adadi, a rubuta adadin: "yana samun ƙasa da mutum 1 cikin 1,000". Inda asalin ya ce "seldom" kurum, a sa "ba safai ... ba" ko "bai cika ... ba", kada mai fassara ya ƙara lambar da marubucin bai bayar ba. Ga masu bincike kuma akwai aiki mai sauƙin kuɗi da za a iya yi a cibiyoyin karatun manya na Tajaye, Malbaza da Ƙonni: a ba mahalarta tsakuwa ko ƙwayar gujiya 100, a karanta musu "kullum", "galibi", "sau da yawa", "wani lokaci", "jefi-jefi", "bai cika ba", "ba safai ba" da "da wuya" cikin cikakkun jimloli, kowa ya ware adadin da ya ji kalmar tana nufi. A yi shi da jimlolin ruwan sama, a sake yi da na ciwo, a kuma rubuta harshen farko na kowane mahalarci, domin a azuzuwan Tajaye akwai waɗanda Tamajak ko Fulatanci ne harshen gidansu.